Gwajin hali ya ce ni mai shiru-shiru ne, in haƙura da zama hafsan soja?

Mai Burin Kaki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san aikin soja su taimaka mini. Tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce in zama hafsa, yanzu haka ma ina shirin neman shiga makarantar horar da hafsoshi. Ta fannin karatu da lafiyar jiki, alhamdu lillahi, ba ni da damuwa. To kwanan nan na yi wani gwajin hali a intanet, irin wanda ake jero maka tambayoyi, a ƙarshe a ba ka haruffa huɗu. Ni INFJ ya ba ni. Bayanin ya ce ni mai son kaɗaici ne, mai dogon tunani, mai saurin tausayi, kuma ayyukan da suka dace da ni su ne koyarwa, rubutu da ba mutane shawara. Ko kusa bai ambaci soja ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin bai yi mini ƙarya ba. Ba ni da yawan magana, taro yana gajiyar da ni, kuma ban iya yi wa mutum tsawa ba. Na nuna wa abokina, ya ce shi dama ya san ba zan iya ba, soja sai mai zafi. In saurari wannan sakamako in canza hanya tun da wuri, ko in ci gaba?

Tsohon Samanja:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokin naka bai taɓa kwana a bariki ba, daga maganarsa na gane. Tsawa aikinmu ne mu masu igiya, a filin fareti. Hafsan da ya yawaita ihu, yaransa sun riga sun san tsoro yake ji.

Bari in ba ka labarin wani ƙaramin laftanar da aka taɓa kawo mana. Sai ka wuni da shi ba ka ji kalma ashirin daga bakinsa ba. Da farko yara sun raina shi. Wata rana muka dawo daga doguwar tafiyar ƙafa, kowa ya zube ƙasa yana haki. Shi ko ruwa bai sha ba, ya ce kowa ya cire takalmi da safa. Ya tsuguna ya bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya da tocila, wanda ya samu ƙafarsa ta yi bororo ya rubuta sunansa ya tura shi wajen mai magani. Sai da ya gama da na ƙarshe sannan ya kwance nasa takalmin, ashe tasa ƙafar ta fi ta kowa lalacewa. Daga ranar ko raɗa ya yi sai an ji. Ka yar da takardar nan ka ci gaba da atisayenka.

Malamar Nazarin Hali:
Baba Samanja, Allah ya ƙara girma. Na yarda da labarinka ɗari bisa ɗari, amma ban yarda ya yar da batun gaba ɗaya ba. Wannan fannin nake koyarwa, bari in ɗan yi tsawo.

Ƙanina, gwajin da ka yi ɗan gidan MBTI ne, ko kuma kwaikwayonsa na kyauta. Wata mata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi, bisa ra'ayoyin da masanin hali Carl Jung ya wallafa a 1921. Yana kasa mutane gida 16. Babbar matsalarsa ita ce yana yanke layi a tsakiya: ko dai kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici, babu tsaka-tsaki. Alhali yawancin mutane a tsakiyar suke. Shi ya sa mutane da yawa in suka sake yin sa bayan 'yan makonni sai harafi ɗaya ko biyu su canza. Kamfanin da ke da mallakar gwajin da kansa yana gargaɗin kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata. To in masu shi ba su yarda a hana ka aiki da shi ba, don me kai za ka hana kanka?

Amma fa auna hali ba wasa ba ne, kuma soja ne suka fara ɗaukarsa da muhimmanci. Lokacin yaƙin duniya na farko rundunar Amurka ta sa Robert Woodworth ya tsara tambayoyi 116, amsarsu i ko a'a, don a gano kuratan da ƙarar igwa da firgicin yaƙi za su iya gigita wa hankali. Ana ɗaukarsa a matsayin gwajin hali na farko irin na cike takarda. Sannan ma'aunin da masana suka fi amincewa da shi a yau, mai rassa biyar, yana da tushe a wani rahoto da Ernest Tupes da Raymond Christal suka rubuta wa rundunar sojan saman Amurka a 1961. Rassan su ne: son sanin sabon abu, tsare aiki da cika alkawari, son cuɗanya da jama'a, sauƙin kai, da kuma yadda hankalin mutum ke saurin tashi. Ba a ce kai wannan ne ko wancan, sai dai a ce a kowane reshe ga inda ka tsaya.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Bayanan da Tupes da Christal suka yi aiki da su, yawanci ba abin da mutum ya faɗa game da kansa ba ne. Abokan horo da waɗanda suka zauna da shi ne suka auna shi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Gaskiya Ɗaci:
Ni dai ina ganin ana lallashin yaron nan ne kawai. Malama, da girmamawa, ki faɗa masa sauran. Hafsa yana tsayawa gaban mutum talatin ko fiye ya ba da umarni, wasunsu sun haife shi. Yana shiga ofishin kwamanda ya kare ra'ayinsa. Wanda taro ke gajiyar da shi ta yaya zai yi wannan kullum har tsawon rayuwar aikinsa? Labarin laftanar ɗaya ba hujja ba ne.

Malamar Nazarin Hali:
Ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye ba. A 2002 Timothy Judge da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa kan hali da shugabanci, suka samu cewa cikin rassan biyar, son cuɗanya da jama'a ne ya fi tafiya tare da shugabanci. Sai dai sun raba abu biyu: wanda ake saurin gani a ce wannan shugaba ne, da wanda in an ba shi shugabancin yake iya riƙe shi. Alaƙar ta fi ƙarfi a na farkon. Ma'ana mai faran-faran ya fi saurin jan ido. Wannan babban abu ne a wajen tantancewa, inda kwanaki kaɗan kake da su ka nuna kanka, don haka dole ƙanin nan ya koyi buɗe baki a cikin taro. Amma reshen da ya fi nuna wanda zai yi aiki da kyau a kusan kowace sana'a shi ne tsare aiki da cika alkawari. Wasu masana biyu, Barrick da Mount, sun nuna haka tun 1991.

Mai Karatun Tarihi:
Bari in sa baki da misalin da kowa zai iya dubawa. A yaƙin duniya na biyu Amurka tana da George Patton, mutum mai zafi, mai ashar, mai son a gan shi. Tana kuma da Omar Bradley, mai sanyin murya, wanda in ba an nuna maka shi ba ba za ka ce janar ne ba. A tsibirin Sisili a 1943 Bradley yana ƙarƙashin Patton. A watan Agustan shekarar Patton ya shiga asibitin sansani har sau biyu ya mari sojojin da firgicin yaƙi ya kwantar, yana kiransu matsorata. Babban kwamandansu, Janar Eisenhower, ya tilasta masa ba da haƙuri. Da aka zo yaƙin Faransa a 1944, Bradley ne a sama, Patton a ƙarƙashinsa. Ban ce Patton ba gwani ba ne, gwani ne na gaske wajen kai farmaki da sauri. Amma zafin da abokinka ke yabo shi ne ya kusa cinye masa aiki.

Ka kuma duba Ulysses Grant, wanda ya jagoranci rundunar arewa har ta ci yaƙin basasar Amurka a 1865. Miskili ne, ba ya son ganin jini, kuma da ya gama makarantar horar da hafsoshi ta West Point a 1843 burinsa ya zama malamin lissafi.

Sai Da Dabara:
Duk wannan dogon turanci ne. Ɗan uwa, in ka je tantancewa aka ba ka irin takardar nan, ka san abin da suke son ji. Kana son jagoranci? I. Kana tsoro? A'a. Kana son taro? Sosai ma. Ka wuce kawai, in ka shiga ka gyara.

Kyaftin Injiniya:
Kar ka bi wannan shawara, ƙanina. Masu tantancewa sun san da irin wannan tun kafin a haife mu. Rundunar Amurka tana da wani gwaji, TAPAS, da ta fara amfani da shi a 2009, wanda ake ba ka jimloli biyu masu kyau daidai wa daida, ko masu muni daidai wa daida, a ce ka zaɓi wadda ta fi kama da kai. Babu amsar da za ka ce ita ake so. Ban da haka, takarda ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ake dubawa.

Ka dubi yadda Indiya ke yi. Kwamitin tantance hafsoshinsu, SSB, kwana 5 yake riƙe mutum, ana neman siffofi 15 a jikinsa. Mutum uku ne ke auna ka, kowa ta hanyarsa: masanin hali da ke karanta abin da ka rubuta, jami'in da ke kallon ka a fili cikin rukuni, da wanda zai zauna ya yi hira da kai. A ƙarshe su haɗu su gwada abin da kowa ya gani. In a takarda ka ce kai zaki ne, a fili kuma aka ga kana bayan layi, a hira aka ji wani abu na uku, ka faɗi. Ba rashin surutunka ne ya kayar da kai ba, rashin daidaito ne. Cikin gwaje-gwajensu har akwai wanda za a ce ka rubuta yadda iyayenka ke ganin ka, yadda malamanka ke ganin ka, yadda abokanka ke ganin ka, yadda kai kake ganin kanka, da irin mutumin da kake so ka zama. Wanda bai taɓa zama ya yi wa kansa hisabi ba, a nan asirinsa ke tonuwa.

Sai Da Dabara:
Yallaɓai, to su masu kallon ba sa kuskure ne?

Malamar Nazarin Hali:
Suna yi, sosai ma. Wannan kallo a cikin rukuni ya samo asali ne daga kwamitocin da Ingila ta kafa a 1942, inda wani likitan ƙwaƙwalwa, Wilfred Bion, ya kawo dabarar a haɗa mutane a ba su aiki ba tare da an naɗa shugaba ba, a zuba ido a ga wanda zai fito. Masanin hali Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, ya yi irin wannan aiki yana saurayi a rundunar Isra'ila a shekarun 1950. Ana ba samari takwas gungumen itace a ce su tsallake katanga da shi ba tare da sun taɓa ta ba. Shi da abokan aikinsa suna kallo, su rubuta wannan zai yi, wancan ba zai yi ba, da cikakken yaƙini. Da sakamakon makarantar hafsoshi ya riƙa dawowa, sai suka ga hasashensu kaɗan ya fi na mai canke. Abin da ya gyara daga baya shi ne tsarin hira: a daina dogaro da yadda mutum ya burge ka, a tambaye shi abubuwan da ya taɓa aikatawa a zahiri, a ba kowace siffa makinta daban. Wannan ya fi wancan aiki.

Darasin da nake so ƙanin nan ya ɗauka ke nan ya yi amfani da shi a kansa. Tambayar «shin ni jarumi ne?» ba ta da amfani, kowa zai ce i. Ka tambayi kanka abin da ya faru. Aiki nawa na fara na bari a hanya? Ranar da aka ci mutuncina a gaban mutane, me na yi? In ban yi barci ba, yaya nake mu'amala da na kusa da ni? Na taɓa ɗaukar laifin da zan iya turawa kan wani?

Yayar Wani:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba soja ba ce. Ina karantawa ne hankalina yana kan ƙanina. Kowa a nan yana cewa ci gaba, ci gaba. Shi ma haka aka yi ta ce masa. Shi ba shiru-shiru ba ne, ya fi kowa surutu da ƙarfi, duk wanda ya gan shi sai ya ce wannan soja ne. Amma tun yana ƙarami ba ya jure a ba shi umarni ba tare da an faɗa masa dalili ba. Ya san haka, mu ma mun sani, muka ce horo zai gyara shi. Ya samu shiga, bai gama shekarar farko ba ya fito. Ya daɗe bai dawo daidai ba, yana ganin ya kunyata gida. Yanzu yana sana'arsa lafiya lau. Don Allah kada ku sa yaron nan ya ɗauka cewa duk abin da ya gano game da kansa shirme ne. Wani lokaci abin da ka gano ɗin shi ne zai cece ka.

Gaskiya Ɗaci:
Yawwa. Abin da nake faɗa ke nan. Hali zanen dutse ne.

Tsohon Samanja:
'Yata, Allah ya sanya albarka a sana'ar ƙaninki. Maganarki ta shige ni, kuma na ga irinsa da yawa. Amma ki lura, abin da ya fitar da shi ba surutu ko shiru ba ne. Biyayya ce. Wannan kam in babu ita babu soja, domin kafin a ba ka mutum ɗaya ka umarta sai ka shekara da shekaru ana umartarka, wani lokaci ma wanda ka fi shi ilimi.

Malamar Nazarin Hali:
Malam Gaskiya Ɗaci, zanen yana da zurfi, amma yana motsi fiye da yadda ake zato. Binciken da aka bi mutane shekara da shekaru ya nuna cewa tsakanin shekara 20 zuwa 40 yawancin mutane suna ƙara natsuwa da tsare aiki. Horon soja ma da kansa yana taɓa hali. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan samarin Jamus ya samu cewa waɗanda suka yi aikin soja sun fito da ƙarancin sauƙin kai idan aka gwada su da takwarorinsu da suka yi hidimar farar hula, kuma bambancin yana nan bayan shekara 5. Ka ga ba kowane canji ne na alheri ba, amma canjin yana faruwa. Yaro ɗan shekara goma sha takwas ko ashirin bai gama zama wanda zai zama ba.

Akwai kuma aikin Angela Duckworth a West Point, wanda aka wallafa a 2007. Ta ba sababbin ɗalibai gajerun tambayoyi kan naci da riƙe buri ɗaya tsawon lokaci. Makin da suka samu ya fi makin shiga makarantar nuna waɗanda za su jure horon farko mai tsanani. Daga baya wasu masana sun ce wannan nacin kusan abu ɗaya ne da reshen tsare aiki da na ambata, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ko ma dai wane suna aka ba shi, shi ya kamata ka bincika a kanka.

Kyaftin Injiniya:
Wani abu da ba a taɓo ba: soja ba aiki ɗaya ba ne. Akwai sojan ƙafa, masu tankoki, masu manyan bindigogi, injiniyoyi, sadarwa, tattara bayanan sirri, sufuri da kayan aiki, likitoci, lauyoyi, malamai. A nan ne sanin kai yake da amfani na gaske. Mai haƙurin zama da taswira da rahotanni har ya ga abin da wasu ba su gani ba, sashen bayanan sirri na neman sa. Mai son lissafi da tsari, in aka sa shi kan kayan aiki, bataliya ba za ta rasa mai ko harsashi a daji ba. Ni kaina ba mai yawan magana ba ne, na zaɓi injiniya ina sane. Sai dai kada ka ɗauka akwai sashen da za ka ɓuya. Ko'ina ka je za a ba ka mutane, ka san matsalar gidan kowa, ka hukunta wanda kake so in ya yi laifi. Sannan ba kullum ake ba mutum sashen da ya zaɓa ba, buƙatar runduna ce a gaba. Ka tambayi kanka ko za ka iya zama a inda ba ka zaɓa ba.

Mai Burin Kaki:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na ɗauki darasi daga maganar Malama da ta Yallaɓai Kyaftin kan yadda wasu ke ganin mutum. Na samu mahaifiyata, wani malamina, da abokai biyu da muke motsa jiki tare, kowa daban, na ce su faɗa mini gaskiya. Babu wanda ya kawo maganar shiru a matsayin matsala. Malamina ma cewa ya yi in na yi magana a aji ana saurara. Abu biyu suka haɗu a kai ba tare da sun ji juna ba. Na farko, ina jinkirin yanke shawara, sai na juya abu ta kowace fuska har lokaci ya ƙure. Na biyu, in aka yi mini faɗa ina riƙe shi a rai kwana da kwanaki. Mahaifiyata ta ce ko abinci ba na ci. Gwajin intanet ɗin bai nuna mini ko ɗaya cikin biyun nan a matsayin abin gyara ba, sai yabo ya yi ta yi mini.

Gaskiya Ɗaci:
To yanzu aka zo wurin. Waɗannan biyun sun fi shirun haɗari nesa ba kusa ba. Ni har yanzu ina da shakka, amma na ji daɗi da ka tambaya.

Yayar Wani:
Allah ya yi maka albarka ƙanina. Ka ƙara tambayar kanka abu ɗaya: kai kake so, ko so kake a ce ka zama?

Mai Burin Kaki:
Ni nake so, Yaya. A gida ma sun fi son in yi wani karatun.

Tsohon Samanja:
Ɗana, na biyun kada ya dame ka sosai. A makon farko za a yi maka faɗan da ba a taɓa yi maka ba tun da aka haife ka, a kan laifin da ba naka ba, kuma haka za a yi wa na kusa da kai. In ka ga kowa na sha, za ka daina ɗaukarsa naka kai kaɗai. Amma ka fara koya tun yanzu: in aka yi maka gyara, ka ce na ji, ka gyara, ka ci abincinka.

Na farkon shi ne aiki. Ka nemi inda za a ɗora maka mutane kafin ka je, ko ƙungiyar wasa ce, ko aikin sa kai, ko shirya tafiya ta ɗalibai. Ka karɓi jagorancin ko da gabanka na faɗuwa. Duk shawarar da ta taso ka ba kanka minti biyu a agogo, ka yanke, ka faɗa da murya yadda na baya zai ji. Wasu za su zo daidai, wasu ba za su zo ba, ka rubuta su duka a littafi da dare. Bayan wata uku ka koma wajen mutanen nan huɗu ka sake tambayarsu, ka dawo nan ka faɗa mana abin da suka ce.

Malamar Nazarin Hali:
Ka kuma nemi gwajin rassa biyar ɗin ka yi, akwai na kyauta da jami'o'i ke amfani da su wajen bincike. Ka yi yanzu ka ajiye sakamakon, ka ba abokan nan biyu su ma su cike a kanka. In ka dawo bayan wata ukun ka turo duka, zan duba maka in sha Allahu.